Busar da Ta Watsa Shanun Baffa Buba

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na gani a shekarun aikina, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na watsa garke guda na shanu da wani abu da bai fi dankalin Hausa girma ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a kan babur.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Gumel. Ba cikakken likita ba ne, amma a rugage "Likita" ake ce mini (ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa ba). Aikinmu na yawo ne. Yau muna Gagarawa, gobe Sule Tankarkar, ranar kasuwa kuma muna karar shanu ta Maigatari muna duba baki da kofato.

A Maigatarin na samo abin. Ina da wani aboki direban babbar mota, Isuhu, mutumin Damagaram. Rannan ya ja ni gefe ya zaro wani ƙunshi a cikin tsohuwar safa.

"Likita, ga kado na kawo maka," in ji shi, wato kyauta a Hausarsu ta Nijar. "Wani baƙo ya manta shi a kamyona tun bara. Na rasa ko na ado ne ko na turaren wuta. Kai ɗan boko ne, ka san yadda za ka yi da shi."

Abin yumɓu ne, shuɗi mai sheƙi, da ɗan baki kamar na buta. Huji goma a sama, biyu a ƙasa inda manyan yatsu ke zama. Da na bincika a waya sai na ga abin busa ne, sunansa okarina. A gidanmu dai ba wanda ya taɓa kiran sa haka. Dankali ake ce masa.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri. Tun ina ƙarami nake son in iya busa wani abu, ko mene ne. Amma a gidan da na tashi, ko fito ka yi sai an harare ka. Sai ga ni da shekara arba'in da ɗaya, da furfura biyu a gemu, abin busa ya faɗo hannuna kyauta. Na rungume shi kamar na tsinci ɗan'uwa.

Kullum bayan la'asar sai in zauna a bayan ɗaki in jingina waya da bulo, in kunna masu koyarwa. Duk wanda na buɗe sai ya fara da cewa a riƙe sauti ɗaya, a ja shi, a sake ja, har tsawon mako. Na ce wannan na marasa basira ne. Na tsallake darasi na ɗaya zuwa na shida, na faɗa kan waƙa kai tsaye. Ka'idata mai sauƙi ce: in sauti bai fito daidai ba, iska ce ta yi kaɗan, sai a ƙara. Yatsu kuwa da tsininsu nake toshe hujin, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Matata, Allah ya saka mata, duk sanda na tambaye ta sai ta ce, "Ana ci gaba, Abban Hanifa." (Sai daga baya na lura cewa a watannin nan uku, duk dakan gidanmu bayan la'asar ake yin sa, kuma da ƙarfi.)

Abu biyu suka ƙarasa kumbura mini kai. Na farko, na ga wani bidiyo na wani Bature yana busa a bakin makiyaya, shanu suna tahowa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa a gabansa kamar 'yan makaranta. Na biyu, akwai ragon maƙwabcinmu da ke ɗaure a jikin katangarmu, wanda duk busar da zan yi ba ya ko motsi. Na ɗauka natsuwa ce ta kama shi. Ni da nake duba dabbobi shekara goma sha biyar, ban taɓa kawowa a raina cewa ragon nan kurma ba ne.

To, a ƙarshen kakar bara aka tura mu rigakafin ciwon huhu wata ruga tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Ni da ogana, Malam Sabo, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya kusa ajiye aiki. Rugar nan ba ta karɓar allura. Shekarun baya wani mayaudari ya zo musu da sirinji a jaka, ya yi wa shanunsu abin da ya yi, suka yi asara, tun daga nan ko farar riga suka hango sai su kora dabbobinsu daji. Malam Sabo ya yi wata huɗu yana zarya, yana zama a tabarma yana shan fura, kafin babban rugar ya amince.

Babban rugar shi ne Baffa Buba. Tsoho ne dogo siriri, babu haƙori ko ɗaya a gaban bakinsa, in yana magana sai ka matso. Matarsa Inna Dije ta tarbe mu da ƙwaryar nono tun kafin mu kafe babura.

An tara shanun a cikin shingen ƙaya, jajaye masu dogayen ƙaho, irin waɗanda ba su son baƙo. Samarin rugar suna tsaye da igiyoyi. Shanun sun ji warinmu, sai kai-komo suke suna huci, suna gogar juna. Malam Sabo ya riga ya buɗe kular ƙanƙara ya haɗa maganin, shi kuwa maganin nan in an haɗa shi ba ya jira, ɗan lokaci kaɗan gare shi ya lalace.

Nan ne Shaiɗan ya taɓa mini aljihu.

"Oga," na ce, "bari in kwantar musu da hankali tukuna."

"Da me?"

Na zaro okarina. Malam Sabo ya dube ta, ya dube ni.

"Mayar da dankalin nan aljihu ka kama sirinji," ya ce a hankali.

Amma ina, na riga na juya wajen mai gida. "Baffa, ai ku kun fi kowa sanin shanu da busa. Wannan sarewar zamani ce. Yanzu za ka ga sun yi laƙwas."

Tsohon ya leƙo ya kalli abin da kyau. Na ga idonsa ya ɗan yi haske, na ɗauka sha'awar gwanintata ce.

"To, Likita," ya ce, "bismilla."

Akwai wani suri a jikin shingen. Na hau kansa don kowa ya gan ni (wannan hawan surin shi ya fi ci mini rai har yau, domin ba wanda ya sa ni). Matan rugar sun fito daga bukkoki da yara a goye. A gabana, tazarar da ba ta fi taku uku ba, wani jibgegen bijimi ne yake kallona da ido ɗaya. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ga maiƙon nono a yatsu. Na cika ƙirji da iska har sai da maɓallin rigata ya yi ƙara, na sa baki, na saki duka a lokaci guda.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya fito ba. Ka haɗa birkin tsohuwar tirela da kukan akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya, ka ƙara usur ɗin alƙalin wasa a kai. Wani kare ya amsa daga bayan bukka. Jaki ya karɓa.

Shanun suka tsaya cak. Duk suka ɗaga kai, kunnuwa a miƙe.

Wallahi a wannan daƙiƙar murna na yi. Na ce a raina, ga shi, daidai da na Bature. Sai na sake cika ƙirji na ƙara musu wata, wadda ta fi ta farko.

Bijimin nan ya juya kamar an tsikare shi da wuta. Ya doki shingen ta gabas, ƙayar ta baje, garken gaba ɗaya ya bi bayansa. Ƙasa ta ɗauki girgiza. Samari suka watse suna ihu, ɗaya ya haye bishiya da igiyarsa a hannu. Na ɗaga ido na ga inda suka nufa. Can gaba gonar wani manomi ce, an yanke riɗi an jingina shi tsaye dami-dami yana bushewa. Amfanin shekara guda. Wanda ya san yankin nan ya san abin da ke biyo baya in shanun ruga suka tattake riɗin manomi, kuma ya san ba a kan Likita abin zai faɗa ba.

Na diro daga suri na bi su da gudu, okarina a hannu, ina ta kururuwa: "Ku tsaya! Don Allah don Annabi ku tsaya!" (Shanun da ko Hausa ba sa ji.) Ban yi nisa ba ƙafata ta faɗa ramin gafiya, na kife a cikin ƙarangiya. Na ji wandona ya yi wata ƙara daga baya, irin ƙarar da ba ta buƙatar a duba.

Daga inda nake kwance na ji wata murya. Baffa Buba bai yi gudu ba, ko taku ɗaya bai ƙara ba. Ya ɗora hannu a kunne ya saki wani dogon kira da Fulatanci, siriri, yana hawa yana sauka, yana ambaton wani suna. Wata tsohuwar saniya da ke gaba-gaba ta rage gudu. Ya sake kira. Ta karkata hagu, sai ga sauran suna karkatowa a bayanta kamar ruwa ya sami hanya. Tsakaninsu da damin riɗin farko bai kai tsawon igiya biyu ba.

Kafin a tattaro waɗanda suka ɓalle cikin daji, rana ta take tsaka. Ƙanƙarar kula ta narke, maganin da aka haɗa ya tashi daga aiki. Malam Sabo bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Yana mayar da sirinji cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Wata huɗu." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ga yadda na ƙare: zaune a gindin aduwa, ɗaure da zanen Inna Dije mai furanni, ita kuma tana gefe da allura da zare tana ɗinke mini wando. Ina cire ƙarangiya daga gashin ƙafata ɗaya-ɗaya. Daga bayan bukka ina jin mata suna ƙoƙarin danne dariya, tana kufce musu.

Baffa ya zo ya zauna kusa da ni. Na sunkuyar da kai.

"Baffa, ka yafe mini. Wauta ce da son a sani. Ba ni da abin cewa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙo hannu. "Ba ni mai laifin in gan ta."

Na ba shi. Ya juya ta sama da ƙasa, ya shinshina, ya goge bakin da gefen rigarsa. Ya shafa hujin ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga 'yan maruƙa. Sai ya sa a baki. Ni har na ɗan ja baya na runtse ido.

Kukan kurciya na ji. Sauti mai taushi, zagayayye, kamar daga cikin tulu yake fitowa. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya saurara. Ya ɗaga na biyu, ya girgiza kai, ya mayar, ya gwada wani. Haka ya yi ta lalube kamar mai neman hanya a garin da ya taɓa zama tun yana yaro. Bai fi minti goma ba sai ga wata waƙa ta fara haɗuwa, tana ɗingishi da farko, daga baya ta miƙe. Minti goma. Ni wata uku da bulo da waya.

Ban lura Inna Dije ta daina ɗinki ba sai da na ga wandona ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasa. Allurar tana hannunta a sama, ba ta motsi. Ta ce masa wani abu da Fulatanci, ƙasa-ƙasa. Ya ci gaba da busa. Sai ta juyo gare ni.

"Ɗana, shekara tara rabona da jin wannan," ta ce. "Tun da haƙoransa suka zube sarewa ta daina amsa masa. Ya gwada, ya gwada, iska kawai take fita. Rannan ya soke ta a jinkar ɗaki, bai ƙara taɓa ta ba, bai kuma ƙara maganarta ba." Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi 'yar dariya. "Da wannan waƙar ya ruɗe ni. Ina dawowa daga tallan nono, shi yana bayan garkenmu yana yi kamar ba da ni yake ba."

Baffa ya sauke okarinar ya washe dasashi. Idonsa ya cika taf. Ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ashe ita sarewa sai da leɓe da haƙori ake sarrafa mata iska, wannan kuwa bakinta ya riga ya yi aikin, numfashi kawai take nema. Abin da ya hango ke nan tun ina kan suri.

Ya miƙo mini ita. "Likita, in tambaye ka. Da wa kake faɗa?"

"Faɗa kuma, Baffa?"

"Na ga kana hura ta kamar ta zage ka. Abar nan ƙarama ce, cikinta bai fi na ɗan tsako ba. Ina za ta kai duk iskar da kake ɗura mata?"

Ya sa Inna ta kawo ƙwaryar madarar da aka tatsa, da kumfa a samanta. Ya ce in hura kumfar ta yi tafiya zuwa ɗaya gefen a hankali, kada ta fashe, kada ta tsaya. Na hura. Madara ta fantsamo mini har gira. Wannan karon matan bayan bukka ba su ma yi ƙoƙarin dannewa ba, har Malam Sabo na ga kafaɗarsa tana rawa. A karo na biyar kumfar ta tafi sumul.

"Yauwa. Iskarta ke nan, kada ka ƙara ko kaɗan. Kawo hannunka." Ya kama yatsuna ya kwantar da su. "Ba da tsini ba. In kana neman bugun jini a jikin saniya, da farce kake nema?"

"A'a, da tsokar yatsa."

"To ashe ka iya. Ka taɓa ta yadda kake taɓa marar lafiya."

Na rufe hujin duka, na hura irin ta kumfa. Sauti ɗaya ya fito, yana ɗan rawa, amma sauti ne na gaskiya, na farko a rayuwata. Babba da ni, cikin zanen mata, madara a gira, ina neman yin hawaye saboda sauti ɗaya.

"Tsaya a nan," in ji Baffa. "Wannan ɗayan za ka yi ta ja har ka dawo. Kada ka nemi waƙa, ita za ta neme ka."

Da muka tashi tafiya, Malam Sabo ya fara ba da haƙuri, yana cewa in ba su son mu dawo ya fahimta. Baffa ya katse shi.

"Ku dawo ranar Talata. Wancan da ya cuce mu, ko kallon shanun bai yi ba. Wannan kuwa ya bi su da gudu har wandonsa ya yage." Ya dube ni. "Amma ka bar busa sai an gama allura."

Inna Dije ta raka ni har wajen babur, ta rage murya. "Ɗana, ba za ka bar masa ita kwana biyu ba?"

Na bar masa. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na sa aka kawo mini wata daga Kano.

Ranar Talata muka yi wa garken rigakafi lafiya lau, har da na rugage biyu na kusa da suka ji labari suka zo (rabinsu, ina zargi, sun zo ganin Likita mai dankali ne). Daga nan na mayar da Asabar ranar zuwa wajen Baffa. Mako uku ina kan sauti ɗaya. Sannan biyu. Ya koya mini in fara kowane sauti da ɗan bugun harshe maimakon in turo shi daga ciki, in ɗan sunkuyar da kai in zan hau sama, in ɗumama ta a tafin hannu kafin in fara, in kuma tsaya in share yawu ba tare da jin kunya ba. Darussan nan shida da na tsallake a waya, duk sai da na biya su ɗaya bayan ɗaya a gindin aduwa. In na yi kuskure ba ya cewa komai, sai dai ya busa daidai ɗin a tasa, ya jira ni. Inna kuwa kullum sai ta sami aikin da zai zaunar da ita kusa, ko tsinkar zogale ko gyaran ƙwarya.

Da damina ta kusa, wata Asabar ya ce in tashi mu je bakin shinge. Na tsaya a ƙasa wannan karon, na busa waƙar nan tasa daga farko har ƙarshe, da tuntuɓe biyu a tsakiya. Da na gama na ɗaga ido ina jiran in ga shanu sun taho sun kewaye ni.

Ko ɗaya ba ta ɗago ba. Tuƙarsu kawai suke yi, suna kore ƙuda da wutsiya. Bijimin nan ma ya juya mini baya.

Baffa ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da alfahari. "Ka gani, Likita? Ko kunne ba su kaɗa ba. Ka fara iyawa."

Ban taɓa samun yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Abin da na koya dai shi ne, ɗan koyo ba tafi yake buƙata ba, ya samu a ci gaba da cin abinci yana busa ma babban matsayi ne. In kuma har sai ka nuna gwanintarka tun ba ta nuna ba, to ka fara duba masu sauraron naka: in suna da ƙaho, ka mayar da ita aljihu.